Ba da ido ake yanke wa babbar lamba hukunci ba: misalin 4,294,967,297

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu koyon lissafi da masu koyar da shi. Yanzu da zarar mutum ya rubuta wata babbar lamba a intanet, sai a jero masa siffofinta kusan talatin: alƙalumanta kaza ne, jimlarsu kaza, masu raba ta kaza, ga yadda kwamfuta ke rubuta ta. Ɗalibi ya kwafe ya miƙa, malami ya sa hannu. Abin da ke damuna shi ne ana zuba siffofin nan a kwando ɗaya kamar nauyinsu ɗaya. Wasu kallo ɗaya ake yi a gan su. Wasu sai da masana suka yi shekara casa'in da 'yan kai kafin su tabbatar da su. Wasu ma siffofin rubutun lambar ne kawai, ba su taɓa ita kanta lambar ba. Zan ɗauki lamba guda in bi ta daki-daki, domin duk mai biro da takarda ya iya bin sawuna ya kama ni in na yi kuskure.

Lambar ita ce 4,294,967,297. A baki: biliyan huɗu, da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu, da dubu ɗari tara da sittin da bakwai, da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Tun daga nan ma akwai tarko, domin wanda ya ji "dubu ɗari tara da sittin da bakwai" yana iya rubuta 967,000, yana kuma iya rubuta 900,067. Mai karanta wa wani babbar lamba ya riƙa tsayawa a kowane waƙafi, ko kuma ya faɗi alƙaluman uku-uku.

Asalinta shi ne 2^32 a ƙara 1. Alamar 2^32 tana nufin a jera 2 guda talatin da biyu a ninka su da juna. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta a matsayin 2 sau 32, su sami 64, su yi gaba. Hanya mafi sauƙi ta kaiwa gare ta ita ce ninka lamba da kanta sau biyar: 2 sau 2 ya ba da 4, 4 sau 4 ya ba da 16, 16 sau 16 ya ba da 256, 256 sau 256 ya ba da 65,536, sannan 65,536 sau 65,536 ya ba da 4,294,967,296. A ƙara ɗaya.

Siffofin da ido ke gani ba sa ɗaukar lokaci. Ta ƙare da 7, don haka mara ce, wato 2 ba ta raba ta daidai, haka ma 5 da 10. Ba cikakken murabba'i ba ce, domin babu lambar da za a ninka da kanta sakamakon ya ƙare da 2, 3, 7 ko 8. Jimlar alƙalumanta 59 ce, kuma 3 ba ta raba 59, don haka 3 da 9 sun fita. Domin gwada 7 da 11 da 13 a lokaci guda, a yanka lambar uku-uku daga dama, a riƙa ɗebewa ana ƙarawa bi da bi: 297 a ɗebe 967, a ƙara 294, a ɗebe 4. Abin da ya fito shi ne 380 ƙasa da sifili. Dabarar tana aiki ne saboda 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1,001. Tunda babu ɗaya daga cikin ukun da ta raba 380, babu wadda ta raba babbar lambar.

A daidai wannan gaɓa mutane ke faɗawa rami. An gwada 2, 3, 5, 7, 11, 13, wataƙila har 17 da 19, babu wadda ta shiga, sai a ce ai firam ce. Firam ita ce lambar da ta fi 1, wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Kafin a ba lamba wannan suna ta hanyar gwaji, dole a gwada kowace firam har zuwa tushen murabba'inta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. Dalilin a fili yake: in lamba ta rabu gida biyu, ba zai yiwu dukkan ɓangarorin su wuce tushen ba, domin ninkinsu zai zarce lambar. Tushen murabba'in tamu ya ɗara 65,536 da ɗan ƙanƙanin abu, kuma lambobin firam da ke ƙasa da 65,536 guda 6,542 ne. Wanda ya gwada takwas ya tsaya bai ko kama hanya ba.

Kuma ba ɗalibai kaɗai ramin ya ci ba. Pierre de Fermat, lauyan nan na Faransa da ya yi fice a ilimin lambobi, ya lura cewa 2^1, 2^2, 2^4, 2^8 da 2^16, in an ƙara wa kowace ɗaya, suna ba da 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma duka biyar ɗin firam ne. A 1640 ya rubuta cewa ya yi amanna duk lambobin da ke kan wannan layi firam ne, ko da yake ya amsa cewa bai da cikakkiyar hujja. Ba da ka ya zaɓi layin ba. In lambar da ke bayan alamar ^ tana da mai raba ta wadda take mara kuma ta fi 1, sakamakon dole ya rabu: 2^6 a ƙara 1 shi ne 65, wato 5 sau 13, sannan 2^12 a ƙara 1 shi ne 4,097, wato 17 sau 241. Saboda haka 1, 2, 4, 8, 16, 32 da masu bin su ne kaɗai ke da damar tsira. Ta shida a layin ita ce tamu. Sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa 641 tana raba ta:

641 × 6,700,417 = 4,294,967,297.

Mai shakka ya ninka da hannu. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200. Sau 40 ya ba da 268,016,680. Sau 1 ita ce kanta. A haɗa ukun.

Ita 641 ita ce firam ta 116 a jere. Mai gwaji ɗaya bayan ɗaya zai yi dogon rabawa sau 115 ba tare da ya sami komai ba. Euler ya bayyana hanyar da ta rage aikin ƙwarai, kuma a ganina wannan hanya ce ya kamata a koya wa ɗalibi, ba amsar kaɗai ba. A ce wata firam, mu kira ta p, tana raba 2^32 da 1. To in an raba 2^32 da p, saura zai zama p ba ɗaya. In an ninka wannan da kansa, 2^64 zai bar saura 1. Yanzu a bi 2, 4, 8, 16 da sauransu ana duba saura: matakin farko da saura zai dawo 1 dole ya raba 64 daidai, kuma ba zai raba 32 ba, tunda a mataki na 32 saura ba 1 ba ne. Lamba ɗaya ce ta cika sharaɗin biyu, ita ce 64 ɗin kanta. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce ga kowace firam p da ba 2 ba, in an jera 2 guda p ba ɗaya aka ninka, aka raba da p, saura 1 ne. Don haka dole 64 ta raba p ba ɗaya. Abin dariyar shi ne wannan ƙa'ida ta Fermat ce. Makamin da zai rushe zatonsa yana hannunsa tun farko.

Ke nan masu neman shiga sun koma 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, haka har gaba, kowace ninkin 64 da ɗaya. A cire waɗanda ba firam ba, saura 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ya kama. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse ƙofar, ya nuna cewa dole mai rabawar ta zama ninkin 128 da ɗaya. Da wannan sharaɗi, 257 da 641 ne kaɗai a gaba, kuma 641 ita ce 128 sau 5 da ɗaya.

Gwajin kansa ba ya buƙatar a taɓa lamba mai alƙaluma goma. A kowane mataki a raba, a jefar da abin da ya rabu, a riƙe saura kawai. Ga 641: an san 2^16 shi ne 65,536. 641 sau 102 ya ba da 65,382, saura 154. A ninka 154 da kanta, 23,716. Shi kuwa 641 sau 37 ya ba da 23,717. Ɗaya tak ya rage ta cika, kuma ɗayan nan shi ne wanda ake ƙarawa a kan 2^32. Shi ke nan, layi uku. In aka yi wa 193 haka, 65,536 ta bar saura 109, 109 sau 109 ya ba da 11,881, wanda ya bar saura 108, a ƙara ɗaya ya zama 109, ba ta shiga ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manta da ƙara ɗayan a ƙarshe, ko a ƙara shi tun a tsakiya kafin a gama ninkawa.

Ita 257 ma ba ta buƙatar gwaji. In aka ninka 3, 5, 17, 257 da 65,537 gaba ɗaya, ana samun 4,294,967,295, wato tamu ba biyu. Don haka kowace daga cikin biyar ɗin in ta raba tamu za ta bar saura 2. Christian Goldbach ya ambaci wannan a wasiƙarsa ga Euler a 1730: babu lambobi biyu a layin Fermat da suka haɗa mai rabawa.

Aiki bai ƙare ba, domin ba a san ko 6,700,417 za ta ƙara rabuwa ba. Jerin da ya tsaya a "641 sau kaza" bai gama rarrabewa ba sai an tabbatar da ɗaya ɓangaren. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589, kuma duk mai raba ta tana raba uwar, don haka sharaɗin 128 yana nan. Ninkin 128 da ɗaya da ke ƙasa da 2,588 guda ashirin ne, firam a cikinsu biyar: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Ta farko ta riga ta fita. Sauran huɗun sun bar saura 44, 120, 334 da 622 bi da bi. Saboda haka 6,700,417 firam ce.

Daga wannan layi guda, 641 sau 6,700,417, sauran siffofi masu nauyi suke fitowa kamar an kwance ƙulli. Lambar haɗaɗɗiya ce, ninkin firam biyu kacal. Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Babu murabba'in da ke raba ta, tunda kowace firam sau ɗaya ta fito. In aka tara masu raba ta ban da ita kanta, ana samun 6,701,059. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida uku a kan wannan jimla. Kammalalliya ita ce wadda jimlar ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28 da 496. Mai yalwa ita ce wadda jimlar ta zarce ta, kamar 12, wadda 1, 2, 3, 4 da 6 suka ba da 16. Gajiyayyiya ita ce wadda jimlar ta kasa kai ta. Tamu gajiyayyiya ce ƙwarai, jimlar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari shida nata ba. Adadin lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba kuwa, a rage wa kowace firam ɗaya a ninka: 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240. Duk wanda ya yi kuskure a rarrabewar farko, waɗannan duka za su fito masa a karkace, kuma babu abin da zai nuna masa.

Akwai wata shaida ta daban da nake so ƙwarai, domin ba ta buƙatar a san 641. Lambar tamu jimlar murabba'i biyu ce: 65,536 sau kanta da 1 sau kanta. Amma kuma 62,264 sau kanta ya ba da 3,876,805,696, 20,449 sau kanta ya ba da 418,161,601, in an haɗa su sai ga 4,294,967,297 ta sake fitowa. Firam ba ta rubutuwa a matsayin jimlar murabba'i biyu ta hanya fiye da ɗaya. Hanya biyu na nufin haɗaɗɗiya ce, ko ba a ga masu raba ta ba.

Masu rubuta manhaja su kula da wani tarko. Akwai gwajin gaggawa da ake yi: a jera 2 adadin lambar ba ɗaya, a ninka, a raba da lambar, a duba ko saura 1 ne. Kowace firam da ba 2 ba tana cin wannan gwaji, amma ba duk mai cinsa ce firam ba. Mafi ƙanƙantar mayaudariya ita ce 341, wato 11 sau 31. Tamu ma tana cinsa, domin 2^64 ya bar saura 1, kuma 64 tana raba 4,294,967,296 daidai. Wanda ya dogara da 2 kaɗai, kwamfutarsa za ta ce masa firam ce. A canja zuwa 3 asiri ya tonu. Gwajin Théophile Pépin na 1877, wanda aka yi domin layin Fermat, yana cewa a fara da 3, a ninka da kanta, a riƙe saura, a maimaita sau 31. In lambar firam ce, saura na ƙarshe zai zama ita ba ɗaya. Abin da ke fitowa shi ne 10,324,303. Gwajin ya tabbatar da cewa tana rabuwa, amma bai faɗi da me ba. Sanin cewa lamba haɗaɗɗiya ce da samo masu raba ta ayyuka biyu ne, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka wallafa a ƙarshen shekarun 1970, a kan wannan wuyar ya jingina, da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma.

Yanzu ga siffofin da na ce na rubutu ne. A tsarin da kwamfuta ke amfani da shi, na sifili da ɗaya, lambar tamu 1 ce, sai sifili 31, sai 1. Ko ta dama aka karanta ko ta hagu, abu ɗaya ne, kuma jimlar alƙalumanta 2. A tsarinmu na goma-goma ba ta karantuwa ta baya, kuma jimlar 59 ce. Lambar ba ta canja ba, riga kawai ta sauya. Yawan alƙaluma, jimlarsu, alƙalamin ƙarshe, karantuwa gaba da baya, duk sun dogara da tsarin rubutu. Kasancewarta firam ko haɗaɗɗiya, masu raba ta, da jimlarsu, suna nan daram a kowane tsari. Jimlar alƙaluma tana gwada 3 da 9 ne kawai saboda 10 tana barin saura 1 in an raba ta da su. Malami ya raba wa ɗalibai waɗannan gida biyu a allo, ya fi ya ba su jerin talatin su haddace.

Na'ura ma tana da tata ƙaryar. Kalkuleta mai nuna alƙaluma goma, in aka ba ta 4,294,967,297 a raba da 3, tana iya nuna 1431655766 ba ɗigo, kamar ta rabu daidai. Amsar gaskiya 1,431,655,765 ce da saura 2. Wurin nuna gutsuren ne ya ƙare, sai ta cike zuwa sama. Maganin shi ne a ninka amsar da 3 a ga ko an koma inda aka fito. Manhajar Excel tana riƙe alƙaluma 15 ne kawai, abin da ya biyo baya ta mayar da shi sifili, don haka ba a yin gwajin Pépin a cikinta kai tsaye, domin ninkin saura da kansa yana iya kaiwa alƙaluma 20. Sannan ma'ajiyar kwamfuta mai gurbi 32 ba ta ɗaukar abin da ya wuce 4,294,967,295. Tamu tana buƙatar gurbi 33. In aka tura ta can, a yawancin lokuta ɗayan da ke gaba zai faɗi, a wayi gari lambar ta koma 1, ba tare da wani gargaɗi ba.

Maƙwabciyar nan tata, 4,294,967,295, ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A 1796 Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 18, ya nuna cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai. Ƙa'idar da ta fito daga nan, wadda Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837, ta ce in yawan gefen mara ne, zanen zai yiwu ne kawai in yawan gefen firam ce ta layin Fermat ko ninkin irin waɗannan firam, kowace sau ɗaya. Tunda biyar aka sani, 4,294,967,295 ita ce mara mafi girma da aka san zanenta zai yiwu. A ƙara biyu a zo kan tamu, ba zai yiwu ba, saboda 641 ba ta cikin layin. Tazarar biyu ce kawai tsakaninsu, amma ba su haɗa komai ba.

Ba a sake gano firam a layin ba tun daga 65,537. Mai bin tamu, 2^64 da ɗaya, 274,177 tana raba ta. An tabbatar da cewa duk waɗanda suka biyo baya har zuwa ta talatin da uku a jere haɗaɗɗu ne, wasunsu ma ta gwajin Pépin aka sani, ba a samo ko mai raba su ɗaya ba tukuna.

Roƙona na ƙarshe ga masu tsara shafi ne, ranka ya daɗe. Kada a karya babbar lamba a ƙarshen layi, kuma a duba ninkin da ke sama kafin a buga. Hanyar ba ta cin minti ɗaya: a tara alƙaluman kowace lamba har su koma guda. 641 ta ba da 11, ta koma 2. 6,700,417 ta ba da 25, ta koma 7. 2 sau 7 ya ba da 14, ya koma 5. Babbar lambar ta ba da 59, sai 14, sai 5. Sun dace. Sai dai wannan gwaji ba ya kama alƙaluma biyu da suka yi musanyar wuri, don haka in 967 ta koma 976 a wurin bugawa, sai wanda ya gwada da 11 ko ya sake ninkawa ne zai gani.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Wani malamin lissafi, mai karanta jaridarku